Daƙiƙa Uku a Munik: Hukunci Idan Agogon Ƙwallon Kwando Ya Rikice

Gaisuwa ga 'yan wasa da masu horarwa da malaman motsa jiki na makarantu, musamman kuma alƙalan wasa da waɗanda ake ɗora wa nauyin zama a tebur. Yau shirin naku ne. Ƙwallon kwando za mu taɓa, amma ba batun iya jifa ko tsalle ba. Batun agogo ne: me doka ta tanada idan agogon wasa ya tsaya, ko ya ƙi tashi, ko mai riƙe da shi ya danna inda bai kamata ba?

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ce, mene ne na dogon bayani a nan? Can agogo yana ɗaure a hannun alƙali, yana tafiya ko ana wasa ko an tsaya, in minti 90 ya cika ya ƙara abin da ya ga ya dace, ya busa usur, kowa ya kama gabansa. Ƙwallon kwando ba haka yake ba. Lokacin da ake ƙirgawa shi ne wanda ake wasa a cikinsa kaɗai. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ita ake bi a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka, zango 4 ake yi, kowanne minti 10. A gasar NBA ta Amurka kuwa minti 12. Agogon kuma ba a hannun alƙali yake ba. Yana gaban wani mutum da ke zaune a tebur a gefen fili, yatsansa a kan maɓalli, idonsa a kan alƙali.

Yaushe yake dannawa? A farkon wasa, idan alƙali ya cilla ƙwallo sama tsakanin mutum biyu, agogo ba ya tashi sai ɗayansu ya taɓa ta. Idan daga bayan layi za a jefo ta, ba ya tashi lokacin da ta bar hannun mai jefowa. Sai ta taɓa wani ɗan wasa a cikin fili. Ku riƙe wannan da kyau, domin rigingimu da yawa daga nan suke tasowa. Idan jifan fanareti ne, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta ya tsaya a layi ba mai tare shi, agogo a tsaye yake, sai in na ƙarshe bai shiga ba kuma ƙwallon ta taɓa ɗan wasa. Tsayawarsa kuwa, da zarar alƙali ya busa usur. A minti 2 na ƙarshen zango na huɗu da na ƙarin lokaci, yana tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta shiga kwando. Alƙali yana magana da tebur da hannu: ya ɗaga buɗaɗɗen tafi, a tsayar, ya ɗaga dunƙulallen hannu, an yi ƙeta, a tsayar, ya sara hannu ƙasa, a tayar. Akwai kuma agogo na biyu, na daƙiƙa 24, wanda ke tilasta wa masu riƙe da ƙwallo su kai hari kafin ya ƙare. Shi ma da nasa mai kula.

To, bari in kai ku inda abin ya taɓa rikicewa a gaban duniya.

Shekarar 1972 ce, gasar Olamfik a birnin Munik na Jamus ta Yamma. Wasan ƙarshe tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, daren 9 ga Satumba, an fara shi can cikin dare har ya tsallaka zuwa washegari. Tun da aka shigar da ƙwallon kwando cikin Olamfik a 1936, ba a taɓa doke Amurka ba: wasa 63 a jere, lambar zinare 7. Amma a wannan dare 'yan Sobiyat ne a gaba kusan daga farko har ƙarshe. An tafi hutun rabin lokaci suna da 26, Amurka 21. Sergei Belov shi kaɗai ya zuba maki 20. Amurkawa suka yi ta bin sawu har aka zo Sobiyat 49, Amurka 48. Saura 'yan daƙiƙoƙi, Doug Collins na Amurka ya tare wata ƙwallo da Alexander Belov ya miƙa, ya zura da gudu zuwa kwando, Zurab Sakandelidze ya kwashe shi, ya faɗi ya bugu da gindin kwandon. Saura daƙiƙa 3. Aka ba shi jifa biyu.

Ya tashi da ƙyar, ya jefa na farko, ya shiga: 49 da 49. Alƙali ya miƙa masa ƙwallo don na biyu. Yana cikin ɗaga hannu sai ƙaho ya yi ƙara daga tebur. Alƙalai ba su tsayar da shi ba, shi ma bai tsaya ba, ya jefa ta shiga. Amurka 50, Sobiyat 49, karo na farko ke nan da Amurka ta shiga gaba a wasan.

Me ya kawo ƙahon? Kocin Sobiyat, Vladimir Kondrashin, ya ce ya nemi ɗan hutun ganawa da 'yan wasansa, wanda yake so a ba shi tsakanin jifan farko da na biyu. A dokar wancan zamani yana da wannan damar, amma da zarar an miƙa ƙwallo don jifa na biyu, dama ta wuce. Tebur bai sanar da alƙalai a kan kari ba. Ƙahon ya zo a makare. 'Yan Sobiyat suka jefo ƙwallo, Sergei Belov ya taho da ita wajen tsakiyar fili, a daidai lokacin mataimakin kocinsu, Sergei Bashkin, yana bakin tebur yana ta ƙorafi. Babban alƙali, Renato Righetto ɗan ƙasar Birazil, ya ga hayaniya, ya busa usur. Agogo ya tsaya a daƙiƙa 1.

A nan ne wani babban mutum ya sauko daga wurin zaman manyan baƙi. William Jones ke nan, ɗan Burtaniya, babban sakataren FIBA, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar. Ya zo tebur ya ɗaga yatsu uku: a mayar da agogo daƙiƙa 3. A doka ba shi da hurumin cewa komai a kan wasan da ake cikin yi. Amma wa zai ce masa a'a? Aka bi umarninsa.

Sai kuskure ya hau kan kuskure. Agogon allon ba ya komawa daƙiƙa 3 da dannawa ɗaya. Masu kula da shi suna tsakiyar saita shi, yana nuna daƙiƙa 50, sai ɗayan alƙalin, Artenik Arabadjian ɗan Bulgeriya, ya miƙa ƙwallo ga mai jefowa. Bai duba allo ba, bai jira tebur ya ce an shirya ba. Ivan Edeshko ya miƙa wa Modestas Paulauskas, shi kuma ya cilla ta can gaba, ba ta shiga ba. Ƙaho ya sake ƙara tun daƙiƙa 3 ba ta cika ba, domin mutanen tebur suna ƙoƙarin cewa ne a dakata, agogo bai daidaita ba. Amurkawa suka ɗauka wasa ya tashi. Suka rungumi juna, 'yan kallo suka cika fili. Sai aka ce a koma, za a sake.

Kocin Amurka, Henry Iba, ya yi ta ja, amma dole ya mayar da yaransa. A karo na uku Edeshko ya sake tsayawa bayan layi. Tom McMillen, dogon ɗan wasan Amurka da ke tare masa gaba, ya ga alƙali ya yi masa wata ishara da hannu, ya ja baya. Edeshko ya sami sarari, ya wurga ƙwallon daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Alexander Belov ya yi tsalle tsakanin Kevin Joyce da Jim Forbes, ya cafe, ya sauko, ya ɗora ta a kwando. Sobiyat 51, Amurka 50.

Amurka ta ɗaukaka ƙara. Kwamitin mutum 5 ya zauna, daga Hungari da Kyuba da Folan da Italiya da Puerto Rico, aka kaɗa ƙuri'a, 3 suka ƙi ƙarar, 2 suka amince da ita. 'Yan wasan Amurka su 12 suka ce ba za su karɓi lambar azurfa ba, kuma har yau ba su karɓa ba. Lambobin suna ajiye a Lozan ta ƙasar Suwizalan. Ɗaya daga cikinsu, Kenny Davis, har a wasiyyarsa ya rubuta cewa kada iyalinsa su karɓa a bayansa. Shi kuwa Alexander Belov, ya rasu a 1978 yana da shekara 26.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, muna tare har yanzu a filinmu na wasanni, muna duba hukuncin ƙwallon kwando idan agogo ya rikice.

Mutane sukan ba da labarin Munik a matsayin rigimar siyasa tsakanin manyan ƙasashe biyu, kuma ba a rasa siyasa a ciki ba. Ni dai abin da nake so alƙalanmu su gani daban ne. Ba na cewa 'yan Sobiyat ba su da abin kuka. In har sun nemi hutu a kan lokaci tebur ya makara, an tauye su. Amma gyaran da aka yi ya fi ɓarnar muni. An yi wasan daƙiƙa 2 a gaban kowa, halastacce, sannan aka share shi don wani mai muƙami ya ɗaga yatsu. Ba alƙali ne ya yanke ba, ba kuma bisa wata doka ba. Sannan abin da ya fi ci mini rai shi ne miƙa ƙwallon nan ta biyu. Da alƙalin ya riƙe ta a ƙirjinsa, ya juya ya dubi allo, ya jira har ya ga lamba 3, da ba a yi murnar da aka yi aka dawo aka soke ba. Wannan ba ya buƙatar na'ura, ba ya buƙatar kuɗi. Duba allo kafin miƙa ƙwallo, shi ke nan.

Dokar yau ta toshe ƙofofi da dama da suka buɗe a wancan dare. Ƙahon mai kula da lokaci ko mai rubuta maki, in ba na ƙarewar zango ba ne, ba ya tsayar da wasa, ba ya kashe ƙwallo. Usur ɗin alƙali ne ke tsayarwa. Don haka koci ya koya wa yaransa: in kun ji ƙaho a tsakiyar wasa ba ku ji usur ba, ku ci gaba. Haka ma agogon daƙiƙa 24: in ya yi ƙara bisa kuskure, doka ta ce a yi watsi da ƙarar, wasa ya ci gaba. Sai fa in alƙali ya ga ƙarar ta cutar da masu riƙe da ƙwallo, misali yaro ya ji ta ya saki ƙwallon yana zaton lokacinsu ya ƙare. To nan zai tsayar, a gyara agogon, a mayar musu da ƙwallonsu. Hukuncin ƙarshe kuma yana hannun babban alƙali. Yana iya tuntuɓar abokan aikinsa, da kwamishinan wasa in akwai, da jami'an tebur, amma shi zai yanke, har a kan abin da doka ba ta ambata ba. Shugaban ƙungiya, ko babban baƙo, ko wanda ya sayi kofi, ba su cikin waɗanda ake tuntuɓa.

Yanzu ga gundarin maganar. Alƙali ya lura agogo bai tashi ba, ko ya ci gaba da gudu bayan usur. Daƙiƙa nawa zai cire, ko nawa zai mayar? Amsar ita ce: abin da ya sani tabbas, ba abin da yake zato ba. Littafin dokokin makarantun sakandaren Amurka ya fito da wannan a fili: alƙali na iya gyara kuskuren mai kula da lokaci ne kawai idan yana da tabbataccen sani na lokacin da abin ya shafa. Kuma ina ganin wannan ƙa'ida ce da ta dace da kowane fili a duniya. Mai awo a kasuwa in mudunsa ya fashe, ba ya ci gaba da auna wa mutane da tafin hannu yana cewa ai kusan haka ne. Ko ya nemo wani mudun, ko ya dakata.

Daga ina tabbacin ke zuwa? Na farko daga ido. Alƙalin kirki, da ya busa usur, idonsa na kan agogo. In ya ga 7.4 a lokacin da ya busa, agogo kuma ya zarce zuwa 5.9, ba gardama, a mayar 7.4. Sai kuma ƙirge. Alƙali dama yana ƙirga abubuwa da hannunsa: daƙiƙa 8 da ake ba ƙungiya ta tsallako da ƙwallo daga rabin filinta, daƙiƙa 5 da ake ba ɗan wasan da aka matsa wa ya rabu da ita. In agogo ya ƙi tashi alhali alƙali ya ƙirga 4 a fili kowa yana ganin hannunsa, yana da hujjar cire 4. Akwai kuma inda lissafin ke da sauƙi ƙwarai: saura daƙiƙa 2, an jefo ƙwallo daga bayan layi, mai agogo ya yi gaggawa ya danna tun tana iska, ƙaho ya yi ƙara ba wanda ya taɓa ta. Tunda ba wanda ya taɓa ta, ko ƙiftawar ido bai kamata ta fita daga agogo ba. A mayar da daƙiƙa 2 cif, a ba masu jefowa ƙwallonsu.

In kuwa ba wanda ya gani, ba wanda ya ƙirga, ba hoto? Nan ne ake gane alƙali. Kada ya ƙirƙiro lamba don ya kwantar da hankalin wanda ya fi ɗaga murya. Na san yana da zafi a ce wa kocin da ke ganin an ci masa daƙiƙa 3, ba ni da abin da zan dogara da shi. Amma lambar da aka ƙirƙira zalunci ce ga ɗayan ɓangaren, kuma gobe ba wanda zai ƙara yarda da usur ɗinka.

Kada ku ɗauka manyan gasanni sun tsira daga wannan. A watan Mayun 2008, a wasannin fitar da gwani na NBA, Detroit Pistons na karawa da Orlando Magic. Saura daƙiƙa 5.1 a tashi zango na uku. Detroit suka jefo ƙwallo, agogo ya ɗan motsa ya daskare a 4.8. Suka taho da ita tun daga ƙarshen filinsu, aka miƙa, aka sake miƙawa, Chauncey Billups ya jefa ta maki uku ta shiga. Alƙalai suka taru. Hoton talabijin yana nan, amma dokarsu ta lokacin ba ta ba su izinin duba shi a kan lalacewar agogo ba. Sai suka yi ƙiyasi, suka ce harin bai kai daƙiƙa 5.1 ba, suka amince da makin. Da aka auna hoton, ya nuna harin ya haura lokacin da ya rage. Hukumar NBA da kanta ta fito ta ce bai kamata a ƙirga makin ba. Detroit ta ci wasan 100 da 93. Ƙwararrun alƙalai ne, masu shekaru a aikin, amma ƙiyasinsu ya kauce, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta auna rabin daƙiƙa a cikin hayaniya. Bayan wannan ne aka faɗaɗa dokar duba hoto ta haɗa da matsalar agogo. A dokar FIBA ma, inda akwai na'urar maimaita hoto da aka amince da ita, babban alƙali na iya dubawa ya ga ko ƙwallo ta bar hannun mai jifa kafin ƙahon ƙarshen zango, ya kuma ga daƙiƙa nawa za a gyara in agogo ya sami matsala. Shi ya sa a manyan filaye za ku ga jar fitila tana kamawa a kewayen allon kwando idan lokaci ya ƙare: kunne na iya ruɗuwa, amma hoto ɗaya zai nuna hannun mai jifa da fitilar tare. Akwai ma na'urar da ake haɗawa da usur ɗin alƙali, da ya busa agogo ya tsaya da kansa.

Wani lokacin kuma agogon lafiyarsa lau, yatsan mai dannawa ne ya makara. Ranar 15 ga Janairun 1990, a birnin New York, Knicks da Chicago Bulls suna kunnen doki, 106 da 106. A kakar nan ce NBA ta fara nuna kashi goma na daƙiƙa a minti na ƙarshe. Saura 0.1. Aka jefo wa Trent Tucker ƙwallo, ya cafe, ya juya, ya jefa ta maki uku, ta shiga, aka ce ta yi. Chicago ta kai ƙara, ba ta yi nasara ba. Amma kowa ya san ba ɗan Adam ɗin da zai cafe ya juya ya jefa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Sai aka kafa doka, FIBA ma ta ɗauke ta daga baya: dole a sami aƙalla 0.3 kafin ɗan wasa ya cafe ƙwallo ya jefa. In 0.2 ko 0.1 ne ya rage, sai dai ya doke ta tana iska ta faɗa kwando, ko ya danna ta ciki kai tsaye. Amfanin wannan doka ga alƙali babba ne: in saura 0.2 yaro ya cafe ya jefa, ba sai ka saurari ƙaho ba, ba sai ka tambayi tebur ba. Jifan bai yi ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To malamai, na san wani alƙali yana saurare yana cewa, mu da muke busa usur a filin siminti na makaranta, ina muka ga jar fitila da na'urar hoto? Gaskiya ne. Yawancin wasanninmu na makarantu da na unguwanni, agogon hannu ne ko wayar salula. Kuma wannan shi ya sa maganar ta fi shafarmu, domin in ba allo, mutum ɗaya ne kaɗai ya san lokacin da ya rage, sauran duk yarda suka yi da shi.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. An zo za a fara wasa, sai a waiga a kira wani yaro daga cikin 'yan kallo, a miƙa masa waya, a ce riƙe mana lokaci. Ba wanda ya gaya masa cewa sai ƙwallo ta taɓa ɗan wasa zai danna. Zango na farko yana ƙoƙari. Da wasa ya ɗau zafi, ajinsu ko unguwarsu na neman ramawa, ya miƙe tsaye yana ihu da sauran jama'a, wayar tana hannunsa tana ta gudu alhali alƙali ya busa tun ɗazu. Ko fuskar wayar ta mutu, yana ta lalube ya buɗe ta. Ko kira ya shigo. Sai a zo minti na ƙarshe, wannan koci ya ce saura daƙiƙa 20, wancan ya ce lokaci ya ƙare tuni. Ba laifin yaron ba ne. Laifin manyan da suka ɗauki tebur a matsayin wurin da kowa zai iya zama ne.

Gyaran yana farawa tun kafin a cilla ƙwallo sama. Babban alƙali ya je tebur ya gwada agogon da hannunsa, ya ji ƙarar abin da za a busa in lokaci ya ƙare, ya tabbata za a ji shi a cikin ihu. Ya tambayi mai agogo yaushe zai tayar, yaushe zai tsayar, ya ji amsar daga bakinsa. In waya ce, a rufe hanyar kira, a hana fuskar mutuwa. A zaunar da mutum na biyu kusa da shi da wani agogon, zai fi kyau in daga ɓangaren baƙi ya fito, amma a faɗa wa kociyoyin biyu tun farko wanne ne agogon wasa, wanne ne na ko-ta-kwana. Agogon hutun ganawa ma daban ya kamata ya zama, kada a taɓa na wasa don auna shi. Kuma tunda 'yan wasa ba sa ganin lokaci, a riƙa faɗa da ƙarfi duk lokacin da wasa ya tsaya a mintunan ƙarshe, mai rubuta maki kuma ya rubuta a gefen takarda. Wannan rubutun shi ne tabbacin da alƙali zai koma gare shi in gardama ta tashi.

A zauren da ke da allon lantarki kuwa, kowa ya san ana iya ɗauke wuta a tsakiyar hari. In ƙwallo tana hanyar kwando, ko ɗan wasa ya kuɓuce shi kaɗai zai ci, kuma ana gani ba haɗari, kada alƙali ya yi saurin busa ya kashe masa dama. Ya ci gaba da ƙirge a zuciyarsa da hannunsa, ya tsayar a wuri na farko da ba wanda zai cutu. Sannan ya tara abokan aikinsa da tebur, su tsayar da lamba ɗaya bisa abin da aka gani aka ƙirga. Ya kira kociyoyin biyu tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba, ya gaya musu lokacin da ya rage a agogon wasa, da na daƙiƙa 24, da wanda zai jefo, da inda zai jefo. Makin da aka ci halas kafin a tsayar yana nan, ƙetar da aka yi tana nan. Agogo ake gyarawa, ba wasa ake sharewa ba. In kuma lokaci ya ƙare ƙaho ya ƙi ƙara, mai agogo kada ya zauna yana kallo: ya busa usur, ya miƙe ya ɗaga hannu, ya yi duk abin da zai sa alƙali ya sani nan take.

Koci kuma, in ka tabbata an cuce ka ta wajen agogo alƙalai ba su gyara ba, doka ta ba ka hanya, kuma ba ta kwashe yara daga fili ba ce, domin wanda ya ƙi ci gaba da wasa shi ake ba rashin nasara. Kuskuren lokaci yana cikin dalilan da FIBA ta yarda a kai ƙara a kansu. Kyaftin ɗinka zai sanar da babban alƙali cikin minti 15 da tashi wasa, ya sa hannu a gurbin da aka ware don ƙara a takardar maki. Sannan ku miƙa dalilanku a rubuce cikin awa 1 da tashi. In kuka bari wannan lokacin ya wuce, ko da gaskiyarku, ƙara ta faɗi. Masu shirya gasannin makarantu da na jihohi su ma su rubuta wannan tsari a takardar ƙa'idojin gasa, su raba wa kowace ƙungiya tun ranar buɗewa, su kuma bayyana sunayen waɗanda za su saurari ƙara tun ba a san wa zai kawo ta ba.